Babbar Waya Ko Coronko? Tambayoyin Da Mutane Ke Yi Kafin Su Fidda Kuɗinsu

Na daɗe ina zaune a rumfar gyaran waya a Garwa, arewacin Kamaru, kuma kusan kullum sai wani ya jawo benci ya ce, "Malam, shawara na zo nema." Dillalan albasa, 'yan mashin, teloli, mata masu sana'ar cikin gida, dattawan da 'ya'yansu ke Duwala ko Gabon, duk tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne. Shi ya sa na tattara su wuri guda. Farashin da na ambata abin da nake gani ne a kasuwa, kuma kasuwa ba ta kwana inda ta yini, don haka a taya kafin a biya.

Wai dole ne sai na sayi babbar waya?

Ba dole ba ne. Ni da nake cin abinci da wayoyin nan nake gaya maka haka. Abin da nake fara tambayar duk wanda ya zo shi ne: wane aiki za ta yi maka wanda ƙaramar mai maɓallai, wato coronko, ba ta yi? Idan ka iya faɗin aikin da bakinka, kamar "zan riƙa tura wa mai saye a Duwala hoton buhunan albasa kafin mota ta tashi", ko "zan riƙa nuna ɗinkina a WhatsApp", ko "ina so in ga fuskar jikokina", to maganar saye ta taso. Idan kuwa amsar ita ce kowa a majalisarku yana da ita, ka dakata tukuna, ka karanta tambayar abin da waya ke ci a wata. Da yawa daga nan suke canza shawara.

Ina karɓar kuɗi da turawa ta waya. Ƙaramar waya ta isa?

Ta isa sarai. MoMo na MTN ana shigarsa da *126#, Orange Money kuma da #150#, kuma lambobin nan suna aiki a kan coronko mafi araha, ba tare da intanet ba. Turawa, cirewa, sayen kiredi, biyan kuɗin wuta, duk ana yi. Harajin kashi 0.2 cikin 100 da aka sa a kan turawa da cirewa tun Janairun 2022 bai san babbar waya ko ƙarama ba. A Cadi ma Airtel Money da Moov Money suna aiki a kan ƙaramar waya.

Har ma nakan ba 'yan kasuwa shawarar su bar layin kuɗinsu a ƙaramar waya ko da sun sayi babba. Dalilin yana cikin tambaya ta ƙarshe.

To me babbar ke yi wanda ƙaramar ba ta yi?

Hoto, bidiyo, saƙon murya, taswira, da duk abin da ke bin intanet. Ga ɗan kasuwa, hoto shi ne babba. Akwai wani dillalin shanu da ke zuwa wurina, da can sai ya yi rabin sa'a a waya yana kwatanta wa mai saye bijimi, launinsa, tozonsa, shekarunsa, a ƙarshe a ce ba haka aka zata ba. Yanzu zagaya dabbar yake da waya na minti ɗaya a kara, ya tura, ciniki ya faɗa ko ya watse nan take. Wannan mutumin wayarsa ta biya kanta tun a watan farko.

Akwai kuma harkar takardu. Tun 2021 neman fasfo a Kamaru yana farawa ne da cike bayanai ta intanet, kuma sabon tsarin katin ɗan ƙasa ma ya bi wannan hanya. Amma kada wannan kaɗai ya sa ka sayi waya. Abin da za ka yi sau ɗaya a shekaru, ɗan'uwa ko mai shagon kwamfuta zai yi maka.

Nawa zan tanada?

Coronko mai kyau ba ta cika wuce sefa dubu 10 ba. Sabuwar babbar waya ta masu farawa, irin su Itel da ƙananan Tecno, Infinix ko Redmi, ka sa ranka daga wajen dubu 40 zuwa 60. Wadda za ta yi maka shekara uku ba ta isar da kai ba, galibi sai ka doshi dubu 70 zuwa 100. Sama da haka kyamara da suna kake saye, kuma ba laifi ba ne ga mai hali.

Ka ƙara kuɗin riga da gilashin kariya a lissafin tun ranar farko, kada ka ce sai gobe. Yawancin fasassun fuskokin da nake canzawa a makon farko ko na biyu suka faɗi, lokacin da hannu bai saba da girman wayar ba.

Bayan na saya, me za ta riƙa ci a wata?

Nan ne maganar take, kuma nan ne mai sayarwa ba zai ja ka ba. Coronko kiredi kaɗai take ci, in ba ka kira ba ba ta tambayarka komai. Babbar waya kuwa kamar akuya ce da ka ɗaure a tsakar gida, kullum sai ta ci. Mu yi lissafi na misali. A ce kana sa forfe, wato data, na sefa 500 sau biyu a mako, dubu 4 ke nan a wata. A ce unguwarku ba wuta, kana kai caji kullum a kan sefa 100, dubu 3 ke nan. Dubu 7 a wata, dubu 84 a shekara. Wayar dubu 50 ta cinye fiye da kuɗinta kafin shekara ta zagayo, ba a yi maganar fashewar fuska ko lalacewar wurin caji ba. Ka sa naka adadin a gurbin nawa ka gani. Idan aikin da ka ambata a tambayar farko zai dawo maka da wannan kuɗi, ko farin cikin da za ka samu ya kai shi a wurinka, bismilla.

Abin da ke shanye forfe bidiyo ne. Saƙon murya na minti ɗaya bai kai mega ɗaya ba, hoton WhatsApp ma ɗan kaɗan yake ci, amma sa'a ɗaya a TikTok ko bidiyon Facebook na iya lashe rabin giga ko fiye. Sau da yawa mutum zai zo yana rantsuwa cewa kamfani na sace masa data, in karɓi wayar in buɗe masa wurin da ke nuna abin da kowace manhaja ta ci, sai ya yi shiru. Wani lokaci ma ba shi ya kalla ba, rukunin 'yan'uwa ne na WhatsApp ke sauke kowane bidiyon biki da wa'azi da kansa.

Abu uku nake yi wa kowace sabuwar waya kafin mai ita ya tashi daga benci: in kashe saukar da hoto da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, in hana Play Store sabunta manhajoji sai da Wi-Fi, in kunna mai tsimin data. Ka roƙi wanda ya sayar maka ya yi maka waɗannan a gabanka. Minti biyar ne.

Wuta ba ta zama a wurinmu. Yaya zan yi da caji?

Duk mai zama a arewa ya san wutarmu ta dogara sosai da dam ɗin Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kuma idan ruwa ya ja baya da rani ana ji a jika. Tashoshin hasken rana na Gidar da Marwa sun rage wahalar, amma ƙauyuka da yawa ko turken wuta babu. Coronko takan yi kwana uku zuwa biyar da caji ɗaya, babbar waya kuwa kullum ne, in an matsa mata ma kafin la'asar ta mutu. Saboda haka kada ka sayi wadda batirinta ya gaza 5000 mAh, an rubuta a jikin kwali. In za ka haɗa da fawa-banki, ka sani mai 10000 mAh ba zai cika maka waya sau biyu cur ba, domin wani kaso yana tafiya a zafi. Ga mutumin ƙauye, ɗan faifan sola mai fitila da wurin caji ya fi masa amfani nesa ba kusa ba, gida ma ya samu haske.

Sai zafi. Daga Maris zuwa Mayu Garwa da Marwa da Kusiri suna haura digiri 40, kuma ba abin da ke kashe batir kamar zafi. Wani ɗan mashin ya taɓa kawo mini wayarsa, murfin baya ya ɗaga da kansa. Da na buɗe, batirin ya kumbura kamar fanke a cikin mai. A ƙarƙashin sirdi yake ajiye ta yini guda, da dare kuma ya jona ta ya tura ƙarƙashin filo. Kada a bar waya a rana, kada a yi caji a kan katifa, kada a riƙa kallo tana jone. Batirin da ya kumbura a cire shi ranar, wuta yake iya kamawa.

Ƙauyenmu rezo, wato sabis, yana wahala. Ko babbar waya za ta fi kamawa?

A'a. Waya ba ta ƙirƙiro rezo. Sau da yawa ma ƙaramar ta fi riƙe kira a wurin da sanda ɗaya ce. An fara 4G a Kamaru tun ƙarshen 2015, kuma a cikin Garwa, Marwa da Ngaundere yana aiki, amma da ka yi nisa da kwalta sai ka ga harafin E a saman waya, wanda da ƙyar yake tura saƙon murya. Gwajin mai sauƙi ne: kafin ka saya, ka sa wani mai babbar waya ya zauna a ƙofar gidanka, ba a kan tudun bayan gari ba, ya gwada kiran bidiyo da layin MTN, da na Orange, da na Camtel in akwai. Abin da ka gani shi za ka samu.

Masu zirga-zirga tsakanin Kusiri da Njamena, ko masu shiga Mubi da Yola, su tabbata wayar mai layi biyu ce, su kuma yi rajistar layin kowace ƙasa da sunansu. Ya fi sauƙi a kan yawo da layin gida a ƙasar wani. 'Yan'uwanmu na Cadi kuma ba su manta ba, daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 an toshe WhatsApp da Facebook a ƙasar wata 16. Wanda ya ɗora kasuwancinsa kacokan a kan manhaja ɗaya ya ajiye lambobin abokan cinikinsa a littafi ma.

Ban yi boko ba, ba na jin Faransanci. Zan iya sarrafa ta?

Ƙwarai kuwa, Hajiya. Mata da yawa da ba su taɓa zama a aji ba suna sayar da turaren wuta da atamfa ta WhatsApp, da saƙon murya kaɗai: ki danna, ki yi magana da Hausa ko Fulatanci, ki saki. Mutane kuma da hotonsu ake gane su. Wayoyin Tecno da Itel da yawa suna da Hausa a cikin jerin harsunansu, kuma ana iya sa allon rubutu mai ɓ da ɗ da ƙ, ko na Larabci ga wadda ta yi allo.

Abin da nake jin tsoro a nan ɗaya ne. Wanda bai iya karatu ba yakan miƙa wa wani wayar ya buɗe masa asusun Google, shi kuma ya sa kalmar sirrin da ya ga dama ya tafi abinsa. Ranar da wayar ta rikice aka goge ta, sai ta nemi wannan asusun, babu wanda ya sani, waya ta zama dutse a hannun mai ita. Ki sa ɗanki ko ƙaninki da kika yarda da shi ya buɗe, a rubuta adireshin da kalmar sirrin a takarda, ki adana tare da takardun gida.

Sabuwa zan saya ko ta hannu?

Idan wayarka ta farko ce, sabuwa, ko da ƙarama ce a daraja. Tana da garanti, galibi na wata 12, batirinta sabo, kuma ba ka gaji matsalar kowa ba. Okaziyo, wato ta hannu, tana da riba ga wanda ya san waya, amma a nan ne aka fi yi wa mutane kitse a kan rogo: fuskar da aka canza da mai arha, batirin da ya gaji, wayar da ta sha ruwa aka busar.

In ka nace sai ta hannu, kada ka biya sai ka yi waɗannan a gaban mai ita. Ka danna *#06#, lambar shaidar wayar mai alƙaluma 15, wadda ake kira IMEI, za ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali ko rasit. Ka sa layinka a kowane gurbi ka yi kira, ka ji lasifika da makirfo. Ka jona caja ka ɗan motsa igiyar ka ga ko tana yankewa. Ka buɗe farin shafi ka duba tabo, ka ja yatsa a kowane lungu na fuskar. Sannan, wanda ya fi duka, mai wayar ya cire asusunsa na Google, ko iCloud in iPhone ce, a goge ta, a kunna ta daga farko kana kallo. Wanda ya ce "ka je da ita, zan turo maka lambar daga baya", ka ajiye masa kayarsa.

Kuma ka nemi rasit mai suna da lambar katin mai sayarwa. Wayar sata ana bin sawunta ta IMEI, kuma wanda aka samu da ita a hannu shi ake fara kamawa, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Na ga wani yaro mai sayar da ruwa ya kwana a hannun hukuma saboda wayar da ya saya a tasha da rabin kuɗinta. Har yau in na tuna fuskar mahaifinsa ranar da ya zo tambayata ko na san mai sayarwar, raina yakan ɓaci.

Waɗannan lambobin na jikin kwali, wanne ne ya dame ni?

Uku kawai: RAM, ma'ajiya, batir. RAM shi ne faɗin teburin aikin waya. Mai 2 za ta yi WhatsApp da kira amma za ta riƙa nauyi, mai 3 ko 4 ta fi kwanciyar hankali. Ka lura, kamfanoni da yawa suna rubuta 8 da manyan baƙi, a ƙasa kuma 4+4. Huɗun farko ne na gaske, sauran aro ne daga ma'ajiya. Ma'ajiya kuma kada ta gaza giga 64, domin 32 kafin ka sa komai tsarin wayar ya riga ya cinye kaso mai yawa. Maganar batir tana sama a tambayar caji. Yawan idanun kyamara a baya kada ya ruɗe ka, ɗauki hoto a cikin shagon ka duba da idonka.

Akwai jabu masu kama da manyan wayoyi, suna nuna giga 256 alhali ko 16 ba su kai ba. Alamarsu farashi: waya mai sunan dubu 400 a kan dubu 45.

Ana ba da waya bashi, a riƙa biya kaɗan-kaɗan. In karɓa?

Ka tambayi jimillar abin da za ka biya daga farko har ƙarshe, ka gwada da farashin hannu da hannu. Ka kuma tambayi abin da zai faru in ka makara, domin irin waɗannan wayoyi da yawa ana kulle su daga nesa ranar da biya ya tsaya, ko da saura kaɗan. Ta fuskar addini, malamai da yawa sun halatta ƙarin farashi a cinikin ajali idan an yanke kuɗi ɗaya tun farko, amma tarar jinkiri magana ce daban, sai ka kai wa malaminku takardar ya duba. Ni dai in aka bar ni, adashi ya fi. Wata huɗu ko biyar kana zubi, ka ɗauki kwasarka ka saya ba wanda ke binka, kuma zubin ya nuna maka ko za ka iya ɗaukar kuɗin watan da muka lissafa.

Ina jin tsoron 'yan damfara. Babbar waya ba za ta jawo mini su ba?

Suna kiran masu coronko ma. Saƙon ƙarya na "an turo maka kuɗi bisa kuskure, ka mayar", da mai kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne yana son lambar sirrinka, waɗannan ba su bar kowa ba. Duba asusunka da kanka kafin ka mayar da ko dala, kuma babu ma'aikacin gaskiya da zai nemi lambar sirri. Abin da babbar waya ta ƙara shi ne ƙofofi: a ce ka karanto lamba shida da ta shigo maka, da ka faɗa an ɗauke WhatsApp ɗinka ana roƙon kuɗi da sunanka, a turo maka shafin tallafi ko aikin ƙasar waje, a sa ka zuba dubu 10 wai ta zama 50 a mako. Ka kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp tun ranar farko. Sai caca ta ƙwallo, wadda ba damfara ake kiranta ba amma na ga ta cinye jarin samari fiye da ɓarayi.

Ɗana ya dame ni in saya masa. Shekararsa 14.

Alhaji, ni ba zan saya masa tasa ta kansa ba a wannan shekarun. Makarantun sakandare da yawa ma sun hana shiga da waya, in an kama a ƙwace. Idan don karatu ne, a sayi ta gida, ta kwana a ɗakin mahaifiyarsa, ya yi bincikensa a tsakar gida inda ake ganinsa, lokacin jarrabawar BEPC ko Probatoire kuma a rage. Don kira in ya fita, coronko ta wadatar. Kuma duk dokar da za a sa wa 'ya mace a sa wa namiji, abin da ke cikin wayar bai bambanta su ba.

Na yanke shawara zan saya. In sayar da ƙaramar?

Kada ka sayar, ko dubu 3 ba za a ba ka ba, amfaninta kuwa ya fi haka. Ka bar layin kuɗinka a cikinta, kamar yadda na faɗa a tambayar MoMo. Babbar waya ita ake fizgewa a kan mashin da cikin cunkoson kasuwa, ita ce yara ke ɗauka su yi wasa, ita ce ke mutuwa da yamma ranar da ba wuta. Ƙaramar tana aljihun ciki ba wanda ya kula da ita, kuma ranar da za ka kwana biyu a gona ko a hanyar Ngaundere, ita za a same ka a kai. Lambobin mutanenka kuma ka sa a ajiye su a asusun Google, ka kwafe muhimman guda ashirin a ƙaramar, ka riƙa jona ta caji duk ranar Juma'a ko da ba ta nuna ta yi ƙasa ba.